Tarihin Rumfunan Kayan Ɗaki na Birnin Kano

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan taƙaitaccen tarihi ne na wuraren da mutanen Kano suke baje kayan ɗaki domin mai saye ya gani, tun daga gindin Dala har zuwa filin baje koli na bayan gari. An tsara shi domin tunawa da ma'aikatan En'e, da kuma amfanin waɗanda suka gaji aikinsu a fada da ƙananan hukumomi, su ga rabon da hukuma ta ɗauka a cikin wannan ciniki, inda ta gyara da inda ta ɓata.

A waɗansu ƙasashe akan gina babban soro guda, a tara dukan masu yin gadaje da kujeru a cikinsa, masu kanti su zo daga nesa su duba su yi sari. Irin wannan ne aka buɗe a garin High Point na ƙasar Amurka a cikin 1921, bene mai hawa goma. Kano ba ta bi wannan hanya ba. Abin da ya tsaya mata a madadin wannan soro shi ne jerin rumfunan Kasuwar Kurmi, sa'an nan kantuna da shagunan kafintoci, daga baya kuma filin baje koli. Bayan waɗannan duka akwai ɗakin amarya, wanda a cikinsa ne ake yi wa kaya hukunci na ƙarshe, a yaba ko a kushe.

Gindin Dala da asalin kasuwa

Dutsen Dala shi ne mafarin Kano. Maƙera ne suka fara zama a gindinsa saboda tama, kuma masu bincike sun sami alamun narkar da ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Inda maƙeri ya zauna kuwa, nan masassaƙi yake samun gatari da gizago, saboda haka sana'o'in nan biyu tare suka tashi. Littafin Tarihin Kano ya ce Bagauda ya ci sarauta a 999, Gijimasu kuma, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa. A wancan zamani, kudu maso gabas da dutsen, akwai wani kurmi mai duhu a bakin ruwan Jakara, wanda mutanen Barbushe suke jin tsoronsa suna girmama shi.

Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwa a wannan wuri, sunan kurmin kuwa ya bi ta har yau. Ba da ka aka yi ta ba. Tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, daga 1438 zuwa 1452, an buɗe hanyar fatauci daga Barno zuwa Gwanja, ayari yana shiga yana fita, gari yana bukatar wuri guda inda baƙo zai sauke kaya ya sami mai saye. Aka raba kasuwar layi layi, kowace sana'a da nata wuri da shugabanta, har ya zama mutum ba ya tambayar sunan mai kaya, sai ya ce a nuna masa 'yan tabarma, ko 'yan ƙwarya, ko 'yan akushi. Wannan tsari shi ne ya mai da kasuwa wurin nuni, gama idan tabarma talatin suna shimfiɗe kusa da juna, mai saye yana iya gwada saƙar wannan da ta wancan kafin ya kwance bakin jakarsa. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Kayan ɗakin mutanen dā

Wanda ya saba da kayan yau, in an ce masa kayan ɗaki sai ya tuna da gado da kujeru da kabad. Na mutanen dā ba haka suke ba. Gadonsu iri uku ne da aka fi sani. Akwai gadon kara na talaka, akwai gadon tukurwa na mai hali, akwai kuma gadon ƙasa, wanda magini yake ginawa tare da ɗaki, ya bar masa rami a ƙarƙashi inda ake zuba garwashi a lokacin ɗari, musamman domin tsofaffi da mai jego. Namiji ba ya zama a kan kujera, sai a kan tabarma ko buzu, mai wadata kuwa a kan darduma, ya jingina da matashin fata. Kujera ta mata ce, 'yar gajeriya, wadda ake sassaƙawa daga itace guda ba haɗi ba ƙusa. Karaga ta Sarki ce shi kaɗai.

Masassaƙi yakan zaɓi itace gwargwadon aiki. Ƙirya saboda taurinta ita ake nema domin turmi da taɓarya, sauran itatuwa masu sauƙin sara kuma a yi akushi da kujera da su. Mafi yawan wannan sassaƙa a ƙauyuka ake yinta, kusa da daji, a ɗoro wa jakuna a kawo birni. Masu gyartai da masu zanen ƙwarya suna nasu aiki, mata a cikin gidaje suna ɗinkin faifai, masu saƙa suna yin tabarmar kaba da asabari da adudu, dukawa suna yin matasai da tim-tim da jar fatar akuya, wadda Larabawa suke kaiwa hayin hamada har ta yi suna a ƙasashen Turai. Tasoshin tagulla kuwa na Nufawan Bida su ne abin alfahari.

Duk wannan kaya inda yake nufa shi ne ɗakin amarya. Al'adar Kano ita ce iyayen yarinya su ne suke yi mata kayan ɗaki, uwa takan fara tarawa tun yarinya tana ƙarama, ƙwarya ɗaya yau, tasa ɗaya baɗi. Ranar jere 'yan uwanta mata sukan tafi gidan ango su ɗora ƙore bisa ƙore tun daga ƙasa har kusa da rufi, su manna ƙananan tasoshi a bango da danƙo. Sa'an nan matan unguwa su shigo ganin ɗaki. Abin da suka yaba, shi kowace uwa za ta aika a sayo mata a Kurmi, abin da suka yi wa dariya kuwa sai ya kwana a rumfa. Ta haka matan da ba su zuwa kasuwa suka zama su ne masu juya cinikinta, dillaliya tana kai da kawowa tsakaninsu da masu rumfa.

Lokacin da haraji ya kusa kashe kasuwa

Ya kamata ma'aikacin hukuma ya tsaya a nan ya yi tunani. Littafin Tarihin Kano ya ambaci cewa Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, ya ƙago hanyoyi bakwai na tara dukiya, marubucin kuma bai ɓoye ba ya kira su zalunci. A cikinsu akwai harajin da aka ɗora wa Kasuwar Kurmi, akwai kuma wanda aka ɗora wa budurwa idan za ta yi aure. Watau an kama cinikin kayan ɗaki ta kai da ta ƙafa, an tatsi mai sayarwa a rumfa, an tatsi mai saye a gida. A zamaninsa ne kuma, in ji littafin, kuɗin wuri suka fara shigowa ƙasar Hausa.

Ɗansa Kumbari, daga 1731 zuwa 1743, ya ƙara tsananta karɓar harajin kasuwa saboda yawan yaƙe-yaƙensa, har kasuwar ta kusa mutuwa. Da ya kai ga ɗora wa malamai ma, sai gari ya rikice, Larabawa suka tattara kayansu suka koma Katsina, talakawa da yawa suka gudu ƙauye. Kasuwar da Rumfa ya kafa ta yi shekara fiye da ɗari biyu tana ci, sarakuna biyu suka kusa rushe ta ba da gobara ba, ba da yaƙi ba, da hannun mai karɓar haraji kaɗai. Baitulmalin da ake so a cika kuwa bai cika ba, gama rumfar da ba kowa a cikinta ba ta biyan ko wuri ɗaya.

Abin da baƙi suka gani

Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ƙasa ta zauna, hanyoyi suka buɗe, Kano ta karɓe cinikin da dā ya koma Katsina. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya sauka a Kano a farkon wannan zamani, a nan kuma ya rubuta littafinsa Liya'ul Hukkami domin shiryar da masu mulki a kan shari'a. A zamanin Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, wani Baturen Ingila mai suna Clapperton ya zo Kano a 1824, ya shiga kasuwa ya rubuta abin da ya gani. Ya ce rumfuna a jere suke kamar tituna, kowane irin kaya da nasa wuri, akwai kuma shugaban kasuwa wanda yake ba da hayar rumfa yana lura da farashi.

Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne amanar ciniki. Ya ba da labari cewa idan mutum ya sayi riga ko turkuɗi a ƙunshe, ya kai har Barno, ya buɗe ya tarar da aibi, yana iya mayarwa, domin sunan dillali yana rubuce a cikin ƙunshin, dole kuma dillalin ya nemo mai kaya a mayar wa mai saye kuɗinsa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san fiƙihu, gama mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye hukunci ne sananne a mazhabar Malikiyya. Abin lura shi ne ana aiki da shi a tsakiyar kasuwa, har baƙo ya gani ya shaida.

Wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya iso Kano a watan Fabrairu na 1851, zamanin Sarki Usmanu ɗan Dabo. Ya ƙiyasta mazaunan birni wajen 30,000, ya ce sukan ninka a lokacin fatauci, ya kuma lissafa kayan Turai da suke shigowa ta hamada, irin su madubi da allura da takarda da yadi. A cikin wannan shekara ce, a watan Mayu, aka buɗe babban nunin kayan duniya a Landan a cikin wani gida na ƙarfe da gilashi, mutum wajen miliyan 6 suka shiga kallo. Daga nan al'adar gina gidajen nuni ta bazu a ƙasashen Turai da Amurka, ita ce kuma ta iso Kano daga baya.

Zuwan Turawa da aikin En'e

Ran 3 ga Fabrairu, 1903, sojan Turawa suka shiga Kano, Sarki Alu ba ya gari. Gwamna Lugga ya naɗa Wambai Abbas, ya yi sarauta har 1919. Daga 1904 aka rushe tsofaffin rumfunan Kurmi aka sake gina su da ƙasa, aka gama a 1909, rumfa fiye da 700, da masallaci da ɗakin shari'a. Hikimar sa alƙali a cikin kasuwa ita ce rigimar ciniki ba ta son jinkiri. Baƙauyen da ya kawo turame ba zai iya kwana bakwai yana jiran shari'a ba, in kuwa ya koma gida da haushi, ba ya sake dawowa, zai kuma hana 'yan uwansa. Da aka kafa Baitulmali a waɗannan shekaru, kuɗin rumfa ya zama abin rubutawa da ba da rasit, ya daina shiga aljihun barori.

A cikin 1909 ɗin nan ne Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa bayan gari. Ban da ajin 'ya'yan sarakuna da na malamai, akwai sashen sana'a, inda ake koyar da kafinta da ƙira da dukanci da ɗinki. Daga nan aka sami bambanci tsakanin masassaƙi da kafinta. Masassaƙi yana ɗaukar gungume guda ya fafe shi har siffar da yake so ta fito. Kafinta kuwa yana ɗaukar katako da aka tsaga da zarto, ya auna, ya yanka, ya haɗa da ƙusa. Na farko idonsa ne ma'auninsa, na biyu sai da inci da kusurwa.

Mai sayen kayan kafinta na farko shi ne En'e da kanta. A dā alƙali a kan buzu yake zama, mai ƙara da wanda ake ƙara suna gabansa a ƙasa, malami yana rubutu a bisa gwiwarsa. Da aiki ya koma na littattafai da fayil, sai aka bukaci tebur, da benci, da kabad mai makulli inda za a ajiye takardun haraji kada gara ta ci. Zamanin Sarki Abdullahi Bayero, daga 1926 zuwa 1953, ayyuka suka yawaita: asibitin birni, da Makarantar Midil wadda yanzu ake kira Kwalejin Rumfa, da aikin ruwa da lantarki na 1931, da makarantar koyon shari'a ta 1934, da ofisoshin hakimai a gundumomi. Kowane ɗaya yana son ƙofa da taga da tebur, ma'aikatar ayyuka ta En'e kuwa ita ce take yi, tana kuma horar da yara. Tebur ya shiga ofis kafin ya shiga gida. Malamin da ya wuni a kan kujera a wurin aiki, shi ne ya fara sa kafinta ya yi masa irinta ya ajiye a zaure domin baƙi.

Jirgin ƙasa da nunin Wembley

Ƙasar Kano ba ta da manyan itatuwan katako, saboda haka kafinta ba zai yi nisa ba in ba don jirgin ƙasa ba. Hanyar jirgi ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga kowa a 1912. Taragun da suke ɗaukar gyaɗa da fata zuwa Ikko ba su dawowa wofi, sukan zo da katakon kurmin kudu, da kwanon rufi, da ƙusa, da fenti. Aka kafa Sabon Gari a 1913, kafintocin Yarabawa da sauran mutanen kudu suka buɗe shaguna a can, kamfanonin Turawa irin su John Holt da G. B. Ollivant, da U.A.C. wadda aka haɗa a 1929, suka jera kantuna tsakanin tasha da ganuwa. Kuɗin gyaɗa ya shiga hannun manomi, matarsa kuma ta ga abin da ba ta taɓa gani ba a tagar kanti. Tun daga wannan lokaci Kurmi ta daina zama ita kaɗai wurin nunin kayan ɗaki.

A 1924 Sarkin Ingila Joji na Biyar ya buɗe babban nunin kayan ƙasashen da suke ƙarƙashin Ingila a Wembley, kusa da Landan, ran 23 ga Afrilu. Sashen Afirka ta Yamma an gina shi da siffar birni mai ganuwa da ƙofofi, kwaikwayon biranen ƙasar Hausa, aka kuma kai masu sana'a daga Nijeriya suna aiki a ciki mutane suna kallo. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Ingila a wannan shekara ya gani da idonsa. A cikin shekara biyu da aka yi ana nunin, mutum wajen miliyan 27 suka shiga. Turawa sun yi shi ne domin su nuna girman mulkinsu su kuma nemo wa kamfanoninsu ciniki, amma ya tabbatar da cewa aikin hannun mutanen nan abin nunawa ne a ko'ina. Abin da ya biyo baya kuma shi ne tim-tim da tabarma da zanannar ƙwarya suka sami sababbin masu saye, watau baƙi masu neman tsaraba, a daidai lokacin da matan gari suka fara juya musu baya.

Gadon ƙarfe da kwano

Bayan yaƙin duniya na biyu ɗakin amarya ya sake kama. Gadon ƙarfe mai rumfa ya kori gadon kara, har sunan kamfanin Vono na Ikko ya zama sunan gadon a bakin mutane, ana cewa gadon bono. Katifar rimi da ta ciyawa suka ba da wuri ga katifar soso, bayan an kafa kamfanin Vitafoam a 1962. Kwanon sha da langa da fanteka masu fenti suka maye gurbin ƙwarya a jere, da fari daga ƙasashen waje, daga baya daga masana'antar Bompai a nan Kano. Da kuɗin man fetur ya zo a shekarun 1970, sai aka koma gadon katako mai fomeka da madubi, da kabad mai gilashi inda ake jera tangaran a madadin bango, da kujerun kushin.

Kowane canji yana da wanda ya ɗaga da wanda ya kayar. Mai zanen ƙwarya ya rasa amare, kafinta da mai walda suka samu. Kayan zamani kuma manya ne, ba su shiga lungunan Kurmi, ba su kuma zama a rumfa mai kamu shida. Sai kafintoci suka fito bakin titi suna baje gadaje a sarari, masu katako suka yi kasuwarsu a Na'ibawa a kan hanyar Zariya, masu ƙarfe da kayan gini suka taru a Ƙofar Ruwa, arewa da Dala. Kurmi ta riƙe abin da ta gada, watau tabarma da akushi da kayan fata da na tagulla.

Kayan ɗaki a gaban alƙali

Dalilin da ya sa wannan ciniki ya fi ƙarfin ado shi ne kayan ɗaki dukiyar mace ce. A shari'a abin da iyayenta suka yi mata nata ne, miji yana amfani da shi amma ba ya sayarwa. In aure ya mutu takan kwashe kayanta, in bukata ta taso takan ba dillaliya tasa ko kwano ta sayar mata, in ta rasu kuma a raba su gado. Jere shi ne asusun matan da ba su san banki ba.

Saboda haka rigimar kayan ɗaki ba ta yankewa a ɗakin shari'a. Malaman Malikiyya, a cikin littattafai irin su Muhtasar na Halilu da Tuhfa ta Ibnu Asim, waɗanda alƙalan Kano suke hukunci da su, sun bayyana cewa idan miji da mata suka yi jayayya a kan kayan gida, ba kuwa shaida, to abin da aka saba na mata ne a ba mace tare da rantsuwarta, abin da aka saba na maza ne, ko na kowa da kowa, a ba miji tare da rantsuwarsa. Hukuncin ya rataya ne a kan al'adar gari, al'ada kuwa tana canzawa tare da abin da ake bajewa a rumfa. Turmi da ƙwarya ba su da wuyar hukunci. Amma kujerun kushin da akwatin rediyo da keken ɗinki fa, na wa ne? Alƙalin da bai san kasuwar zamaninsa ba yana iya yin kuskure ko da littafi yana buɗe a gabansa. Shi ya sa rubuta jerin kayan amarya a gaban shaidu ranar jere, da ajiye rasit, yake kashe husuma tun ba ta tashi ba, malamin kotun da ya rubuta kaya ɗaya ɗaya da siffarsu da ƙimarsu kuwa ya tsare haƙƙin marayu.

Bayan En'e

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidan yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya kawo ƙarshen tsarin baki ɗaya. Kula da kasuwanni ya koma hannun ƙananan hukumomi da gwamnatin jiha. Abin da ya fi kama da gidajen nuni na ƙasashen waje shi ne filin baje koli da ke kan titin gidan zu, inda ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kano, watau KACCIMA, take shirya baje koli na duniya a ƙarshen shekara. Wanda aka yi a 2024 shi ne na 45. A can kafintan gari yakan ajiye gadonsa kusa da wanda aka shigo da shi daga waje, mai saye ya zagaya ya gwada, kamar yadda kakansa ya gwada tabarmi a Kurmi.

Hukuma kuma ba ta fita daga sha'anin ba. Tsadar kayan ɗaki ta kai ga hana aure a gidaje da yawa, har gwamnatin jiha ta hannun Hisba ta fara aurar da zawarawa a 2012 da ma'aurata 100, tana ba su gado da katifa. A watan Oktoba na 2023 an ɗaura wa ma'aurata 1,800 a rana guda. Sharefa ya karɓi haraji a kan budurwa mai shirin aure, bayan shekara wajen ɗari uku hukuma ta koma ita take yi wa amarya gado. Kayan dā kuwa, wanda yake son ganinsu ya tafi Gidan Makama, gidan da Rumfa ya zauna kafin ya ci sarauta, wanda aka mayar gidan tarihi, ko Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa.

Kammalawa

Daga gadon kara zuwa gadon fomeka kaya sun canza sau da yawa, rumfa ta tashi daga Jakara ta fita bayan ganuwa, sunan hukuma ma ya canza. Abin da yake kawo mai saye bai canza ba, shi ne ya tabbata abin da aka nuna masa shi za a ba shi, in an cuce shi kuma akwai wanda zai ƙwato masa haƙƙinsa ba da jinkiri ba. Zamanin Kumbari an manta da wannan, Larabawa suka tafi Katsina. Zamanin Dabo an tuna, aka riƙa mayar da riga daga Barno. Mai karɓar kuɗin rumfa da ya ba da rasit na gaskiya, da mai raba rumfuna da bai fifita ɗan uwansa ba, da malamin da ya rubuta ƙarar baƙauye kamar yadda ya rubuta ta attajiri, su ne suka riƙe wannan kasuwa, ko da yake sunayen mafi yawansu ba su shiga littafi ba.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya shiryi waɗanda suke kan aiki, ya zaunar da Kano lafiya, ya sa albarka a cikin kasuwanninta. Amin. Tamat.